Hanga a Hannun Bebiya

Litinin, da yamma

Yau Gwaggo Tururi ta ci mutuncin Yaya a gaban kowa, ni kuma ina tsaye ban ce komai ba.

Bari in fara daga farko. Tsohon manajan gidan wankinmu ya bar aiki, sai Mai Kamfani ya ce Yaya ta riƙe wurin na gwaji zuwa ƙarshen wata. Ranar ƙarshe zai zo ya tsaya a mitin ɗinta ya gani da idonsa. In ta iya da mutane, kujerar ta zama tata. In ba ta iya ba, ya kawo ɗan ƙaninsa. Yaya ta daɗe tana guga a wurin. Ni ce sabuwa, ita ta kawo ni da ta ga na gama firamare ina zaune a gida. Aikina karɓar kaya a kanta, in laluba aljihu, in maƙala lamba da fil, in ɗinke maɓallin da ya yi sako-sako.

Da safe, kafin a kunna injina, Yaya ta tara mu tsakanin teburan guga. Ta ce a tsaye za a riƙa yin mitin don kada ya yi tsawo. Ta rubuta abu uku a allo da alli. Ta ɗauko hanga ta katako, irin ta rataye kwat, ta ce wanda yake riƙe da ita shi ne mai magana, ba mai katse shi, ko da ita ce.

Direba ya ce, "To in na tafi da ita kai kaya fa? Kun zama kurame ke nan har in dawo?"

Aka yi dariya, har da Yaya. Na ji daɗi a raina.

Sai Gwaggo Tururi ta miƙa hannu. Ita ce babbar mai guga, ta riga kowa zuwa wurin. Gwaggo ake ce mata, ni da Yaya ne muka ƙara mata Tururi a gida saboda yadda take huci ta hanci. Ta karɓi hangar, ta jujjuya ta, ta ce, "Tunda ba a katse mutum, 'yata, ina da tambaya. Mu da muka tsufa a nan ba a ba mu ba. Ke me kika bayar aka ba ki?" Ta kalli ƙofar ofishin Mai Kamfani, ta ƙara wata magana a kai. Ba zan rubuta ta ba. Mutumin nan ya haifi kamar Yaya.

Wasu suka sunkuyar da kai. Wasu suka rufe baki da mayafi, na san dariya suke yi.

Yaya ta jira ta gama, ta karɓi hangar, ta ce, "Abu na biyu, magudanar ruwa." Jijiyar wuyanta tana motsi. Ni kaɗai na san wannan jijiyar.

Da hangar ta zagayo hannuna, sai na miƙa ta gaba.

A hanya Yaya ta ce kada in kuskura Umma ta ji.

Talata, da safe

Zan rama mata. Ban san ta yaya ba tukuna.

Laraba, da azahar

Na sake miƙa hangar gaba. Ba da gangan nake yi ba. Tana taɓa tafin hannuna sai maƙogwarona ya bushe, in ga kamar kowa ya ƙara tsawo.

Gwaggo Tururi ta ce, "Allah sarki, Bebiya. Ko ƙanwarta ba ta da abin cewa a wannan mitin, mu ne za mu samu?"

Yanzu har Direba Bebiya yake ce mini. Shi da wasa yake faɗa, amma daga bakinta ya ɗauko.

Ina zaune bayan kanta ina kallon bayanta tana guga. Tana da wani kitso da ya leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali, fari-fari. Na yi ta kallonsa da almakashi a hannuna. Maɓalli kawai na yanke wa zare.

Alhamis, bayan magariba

Yaya ta sa mu gwajin mitin a tsakar gida. Ni da Umma ne ma'aikata, ludayi ne hanga. Umma ta karɓi ludayin ta fara labarin maƙwabciyarmu da akuyarta, ta ƙi saki.

Yaya ta ce, "Umma, a mitin ba a kawo labarin akuya. Abin da ke allo kawai."

"To ai kin ce ba a katse ni."

"In kin gama zan ce na gode, mu koma allo."

"Kin ji manaja," in ji Umma, tana dariya har da share ido. Ta riga ta faɗa wa duk layinmu cewa 'yarta manaja ce. Mai shagon bakin titi ma yanzu Uwar Manaja yake ce mata.

Yaya ta ce kowace magana a mitin sai ta ƙare da abu biyu, wa zai yi, kuma yaushe. In ba haka ba hira aka yi. Ta miƙo mini ludayin ta ce, "Auta, faɗi ko abu ɗaya. Nan ba kowa sai mu." Na ce allurai sun kusa ƙarewa. Ta tafa mini kamar na ci jarrabawa.

A gida ina iyawa. A can ne.

Ta yi dariya yau, amma ba ta ci abinci ba. Tun Litinin haka take yi, ta juya cokali ta tashi.

Asabar, da la'asar

Abubuwan da na yi wa Gwaggo Tururi yau a cikin kaina: na zuba bilic a ruwan fesawarta. Na ƙara wa dutsen gugarta wuta tana guge siliki. Na kulle ta a ɗakin shanya na tafi da makullin.

A zahiri kuma na ce mata ina kwana, ta ƙi amsawa.

Litinin, da hantsi

Ta zo a makare da gangan, tana jan kujera tun daga ƙofa, ƙarfen yana ƙara a siminti. Ta ajiye ta a tsakiyar da'ira ta zauna. Ta ce ƙafafunta sun girmi manaja, ba za su tsaya mata ba.

Yaya ta riga ta fara, ba ta jira ta ba, ba ta kuma koma baya don ita ba. Cewa kawai ta yi, "Ki zauna, Gwaggo, muna kan na biyu."

Gwaggo ta ce, "Na farkon fa?"

"An gama shi. Baba Injin zai faɗa miki in an tashi." Tsohon da ke kula da injinan wanki ke nan.

Sai ta yi hucin nan nata. Matan da ke bin bayanta su ma suka fara neman abin zama, wannan ta kife bokiti, waccan ta hau tebur. Yaya ta yi kamar ba ta gani ba. Da ni ce, da na fizge kujerar tana kai.

Kullum in na rufe ido sai in ji maganar nan ta ranar farko. Da muryarta nake jin ta, da yadda ta ja ƙarshen.

Laraba, da yamma

Yau mitin ya yi amfani, ko Gwaggo Tururi ba za ta iya musu ba. An daɗe fararen zannuwan gado na otal suna fitowa da dishi-dishi, kowa yana ɗora wa wani. Yaya ta ce ba ta son jin wane ne, tana son jin yadda abin yake faruwa. Baba Injin ya riƙe hanga ya daɗe yana sosa gemu, sannan ya ce Direba yana kawo na otal a makare, shi kuma sai ya zuba su a injin da ya gama wanke masu launi. Direba ya ce ai ba wanda ya taɓa gaya masa. Yaya ta rubuta: Direba, otal da farko, daga gobe.

Baba Injin ya ce, "Shekaru muna faɗa a kan wannan, ashe maganar ba ta kai tsawon shan shayi ba."

Na kalli Gwaggo Tururi. Tana cire zare daga hannun rigarta kamar ba da ita ake ba.

Juma'a, da azahar

Wata mata mai aiki a asibiti ta kawo doguwar riga koriya mai maɓallai a gaba. Na ƙasa ya ɓace. Ba ni da irinsa, sai na sa wanda ya ɗan fi shi duhu, na ɗinke da zare baƙi don koren ya ƙare. Ba mai lura sai wanda ya sani. Ta ce sai Talata za ta karɓa.

Rigar ta yi kyau ƙwarai. Na daɗe ina shafa ta kafin in miƙa ciki.

Lahadi, da hantsi



Umma ta aike ni sayen sabulu. A inda ake jiran mota na ga 'yar Gwaggo Tururi, doguwar nan da ke kawo mata abinci wani lokaci. Tana riƙe da ambulan a ƙirji, tana ta duba hanya. Tana sanye da doguwar riga koriya.

Na wuce ta, na dawo kamar na yar da wani abu. Na duƙa kusa da ƙafarta. Maɓallin ƙasa ya fi sauran duhu. Zaren baƙi ne. Ɗinkina ne.

Ta ce, "Ƙanwata, kin yar da wani abu ne?" Na girgiza kai na gudu. Na manta sabulun, Umma ta yi faɗa, ban ji zafi ba ko kaɗan.

Na samu. Allah ya ba ni.

Litinin, da safe

Rigar tana rataye a layin Talata, cikin leda, an sake goge ta. Na ɗaga ledar na shinshina wuyan. Turaren wata ne, ba na mai ita ba.

Wato haka Gwaggo Tururi take yi. Ta fita da kayan mutane ranar Asabar cikin jakarta, 'yarta ta sa, ta dawo da su Litinin kafin kowa ya iso. Ranar da ta ga dama ta zo da wuri ke nan. Wannan ce mai tambayar wasu me suka bayar.

Ba zan faɗa wa Yaya ba. Na san ta. Dokarta ce laifin mutum ba ya zuwa mitin, ofis ake kiransa a rufe ƙofa. Za ta kira ta ciki, su yi ƙus-ƙus, ta fito kamar ba a yi komai ba. A'a. Ita ba a ofis ta yi nata ba. A tsakiyar teburan guga ta yi, kowa yana ji. A nan za ta karɓa, ranar da Mai Kamfani yake tsaye.

Sai dai dole in yi magana da bakina.

Talata, da la'asar

Mai rigar ta zo karɓa. Ta buɗe ledar a kanta, sannan ta ce in kira mata manaja. Suka koma gefe da Yaya suna magana ƙasa-ƙasa. Na ga Yaya tana ba ta haƙuri da hannu biyu. Na tambaye ta me ya faru, ta ce, "Sitaci ne ya yi yawa. Koma kanta."

Laraba, da yamma

Bayan mitin Yaya ta ce, "Gwaggo, in kin samu sarari ina son ganinki." Suka shiga ofis, aka rufe ƙofa. Sun daɗe. Injina suna ƙara, ban ji komai ba, ko da yake na je neman fil kusa da ƙofar har sau biyu.

Gwaggo ta fito idonta ja. Ba ta yi huci ba. Ta tsaya a teburinta tana guge hannun riga ɗaya, ta guge, ta sake gugewa.

Ina jin maganar latti ce da kujera. In don wannan kaɗan ta yi kuka, to ta adana sauran hawayen.

Alhamis, da hantsi

Ta zo a kan lokaci. Ba kujera. Ta tsaya da ƙafafun nan nata da suka girmi manaja.

Da hanga ta zo mata ta ce wayar dutsen guga na tebur na uku ta zaizaye, za ta kama wani. Shi ke nan abin da ta ce. Yaya ta ce, "Na gode, Gwaggo," ta rubuta Baba Injin, yau kafin a tashi.

Na gode. Wai na gode.

Masu kife bokiti ma duk sun miƙe tsaye, tunda uwarsu ta miƙe.

Juma'a, da yamma

Munafunci ne. Ta ji Mai Kamfani ya kusa zuwa.

Asabar, bayan an tashi

Na tsare jakarta da ido duk yini. Ba ta fita da komai ba, flas ɗin shayinta ne kawai a ciki. Na ji haushi. Amma koriyar rigar ta isa.

Na hau ɗakin shanya da kowa ya tafi. Na ɗauki hanga, na tsaya gaban zannuwan otal, na mai da su mutane. Na farko muryata ba ta fito ba. Na biyu ta fito kamar ta kyanwa. Na yi ta yi har na iya faɗa daga farko zuwa ƙarshe ban tsaya ba. Gajere na yi shi, yadda Yaya ke so. Me ya faru, yaushe, wa ya yi.

Na gano in na kalli bango sama da kan mutane, maƙogwaron ba ya bushewa sosai.

Lahadi, da azahar

Yaya ta cinye abincinta yau, har ta ƙara. Tana yi mini kitso ta ce, "Auta, ina jin zan samu kujerar nan. Wurin ya fara daidaita."

Na ce, "Gwaggo Tururi fa?"

"Gwaggo ta zo hannu."

"Kin manta abin da ta ce?"

Hannunta ya tsaya a kaina. Ta ce, "Ban manta ba. Amma ba ni da wanda ya kai ta iya guga, kuma rabin matan nan ita suke kallo kafin su motsa. In na kayar da ita, da wa zan yi aiki?"

"Ko haƙuri ba ta ba ki ba."

"Ta bayar."

"A gaban wa?"

Ta ja gashina da ɗan ƙarfi ta ce in daina motsi.

To ni ban ji ba. Direba bai ji ba. Masu rufe baki da mayafi ba su ji ba. Har yau in Yaya ta shiga ofishin Mai Kamfani kai masa rahoto sai in ga suna haɗa ido. Yaya ba ta gani, bayanta ne a wajensu. Ni nake gani daga kanta.

Talata, da la'asar

Yau Gwaggo ta kira ni teburinta. Ba ta ce Bebiya ba, cewa ta yi, "Ke 'yar kanta, zo ki ga yadda ake kwantar da ninkin siket, ba za ki tsufa kina maƙala fil ba." Ta kama hannuna ta ɗora a kan dutsen, ta ce kada in danna, in bar nauyinsa ya yi aikin. Hannunta kaushi kamar bawon itace.

Ta ce 'yarta tana ta yawon neman aiki, an kira ta wurare biyu, ba a ɗauke ta ba tukuna. Ban tambaye ta ba.

Ninkin ya kwanta da kyau. Na je na wanke hannuna da sabulu.

Laraba, da safe

Jibi ne.

Alhamis, bayan magariba

Yaya ta goge rigarta mai ruwan toka ta rataye a ƙusa. Ta rubuta abu ukun gobe a bayan kwali tana ta gyarawa. Umma ta ce za ta yi mana girki na musamman, ta gayyaci maƙwabciya.

Yaya ta ce, "Gobe in hanga ta zo miki, ko maganar allura ce ki faɗa. Ina so ya ga kowa yana magana a wurina."

Na ce to.

Na yi tunanin in bari. Na yi tunanin sosai. Sai na rufe ido na ji maganar nan, da yadda ta ja ƙarshen, da yadda ta kalli ƙofar.

Juma'a, da la'asar

Na yi.

Juma'a, bayan magariba

Ba a yi girkin ba. Yaya ta ce wa Umma an ɗaga maganar zuwa Litinin, ta kwanta ta juya wa ɗaki baya. Bari in rubuta yadda aka yi, ko zan daina jin sa a kunnena.

Mai Kamfani ya zo da wuri, ya tsaya kusa da allo da hannu a baya. Kowa ya zo a kan lokaci. Yaya ta fara da abin da aka ce za a yi makon jiya, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce an yi. Direba ya ce otal sun daina ƙorafi, har mai gadinsu ya fara gaishe shi. Mai Kamfani ya yi dariya. Baba Injin ya kawo maganar bel ɗin injin, aka ba shi zuwa Laraba. Mai Kamfani yana ta gyaɗa kai. Gwaggo ta riƙe hanga ta ce, "Ni dai tun da nake nan ban taɓa ganin an faɗi abu da safe an yi shi kafin yamma ba sai yanzu." Ba ta kalli Yaya ba da ta faɗa.

Sai ta miƙo mini. Ta ce a hankali, "Ungo, Bebiya, miƙa gaba."

Ban miƙa ba.

Yaya ta yi murmushi. Ta ɗan matso, ta ɗaga mini gira, wai in daure.

Na kalli bango sama da kan Baba Injin. Na ce ranar Juma'a, mako biyu da suka wuce, wata mata ta kawo doguwar riga koriya, na sa mata maɓalli mai duhu da zare baƙi. Na ce ranar Lahadi na ga rigar a jikin 'yar Gwaggo a inda ake jiran mota.

Yaya ta ce, "Auta."

Mai Kamfani ya ɗaga hannu ya ce, "Ai na ji an ce ba a katse mai hanga, ko manaja ce. Bar ta ta gama."

Na gama. Na ce Litinin rigar ta dawo da turaren wata. Na ce Gwaggo ke fita da kayan mutane a jakarta. Na ce wanda yake tambayar wasu me suka bayar, ya fara faɗin me ya ɗauka. Wannan na ƙarshen ba ya cikin abin da na gwada a ɗakin shanya, shi ya zo da kansa.

Ba wanda ya rufe baki da mayafi. Ba wanda ya motsa. Gwaggo ta dafa tebur, ta nemi abin zama babu, tunda a tsaye ake yi. Na kalle ta sosai. Na ji daɗi. Zan rubuta gaskiya, na ji daɗi har cikin ƙashina.

Mai Kamfani bai kalle ta ba. Yaya ya kalla.

"Kin san da wannan?"

Yaya ta ce, "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da mai rigar ta zo karɓa. Na ba ta haƙuri, na kira Gwaggo ofis, mun yi magana. Ta daina."

"Kayan mutane suna fita daga gidana suna yawo a gari, ke da ita kun yi magana. Ni kuma ba ki ga ya kamata in sani ba."

"Na ga abin ya mutu, shi ya sa."

"Da ya mutu da ban ji shi yanzu ba."

Ya ce wa Gwaggo ta tattara nata ta tafi. Ya ce wa Yaya ta same shi a ofis. Ya ce wa sauran a kunna injina. Ba a rubuta komai a allo ba.

Hangar tana hannuna har lokacin. Ban san wa zan ba ba. Direba ne ya zo ya zare ta, bai ce mini komai ba, ko Bebiya.

Ba sitaci ba ne ashe.

Asabar, da azahar

Teburinta babu kowa. Ta bar kwalbar fesa ruwa da tsumman da take naɗe hannun dutse da shi.

Ba na tausayinta. Ita ta fara. Da ba ta faɗi abin da ta faɗa ba da ba a zo nan ba. Na maimaita wannan yau ya fi a ƙirga.

Matan nan ba sa haɗa ido yanzu in Yaya ta wuce. Ni suke kallo. In na shigo ɗakin guga sai hira ta mutu, wata ta ja jakarta kusa da ƙafa.

Yaya ba ta yi mini magana ba. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi.

Lahadi, da yamma

Me ya sa ba ta gaya mini ba? A ɗaki ɗaya muke kwana.

Litinin, kafin magariba

Ɗan ƙanin Mai Kamfani ya fara yau. Bai yi mitin ba. Ya tsaya a ƙofar ofis ya ɗaga murya ya ce kowa ya san aikinsa, ya shige. An jingine allon a bayan injina. Da hantsi Baba Injin da Direba suka yi cacar baki a kan zannuwan otal, ba wanda ya raba su.

An mayar da Yaya guga. Teburin Gwaggo aka ba ta, don shi ne babu kowa. Daga kanta bayanta nake gani yanzu.

Da aka tashi muka taho tare, tana gaba ina baya. Sai da muka wuce shagon bakin titi, mai shagon ya ɗaga mata hannu ya ce a gaida Uwar Manaja, sannan ta tsaya ta jira ni.

Ta ce, "Muryarki ba ta yi rawa ba ko kaɗan. Kin faɗi abin a tsare, ba ki yi tsawo ba. Na daɗe ina so in ji ki kin yi magana a cikin mutane."

Na ce, "Don ke na yi."

"Na sani."

Muka ci gaba da tafiya. Da muka iso ƙofar gida muka ji ƙamshin girki, da muryar maƙwabciya a ciki tana dariya. Umma ba ta manta an ce Litinin ba.

Yaya ta cire takalminta ta riƙe a hannu. Ta ce, "Tunda yanzu kin iya magana, ke za ki faɗa wa Umma. Daga farko, har da abin da Gwaggo ta ce." Ta zagaya ta ƙofar baya.

Ina zaune a dakalin ƙofa. Umma ta leƙo ta ce me nake rubutawa haka, in shigo abinci zai huce, ina manajar take. Na ce ina zuwa.